Tambaya da Amsa: Wariyar Launin Fata a Wurin Aiki, Me Doka Ta Tanada?

Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan fili cikin 'yan watannin nan daga Birtaniya suka fito, daga 'yan'uwanmu da suka tafi aikin jinya, kula da tsofaffi da aikin sito. Kukan kusan ɗaya ne: ana yi musu abin da ba a yi wa farar fata, kuma ba su san ko doka ta san da zamansu ba. Mun zaɓi biyar daga can da ɗaya daga Kano, mun cire sunayen mutane da na wuraren aiki. Dokar da za ku ji muna ta ambata ita ce Dokar Daidaito ta 2010, mai aiki a Ingila da Wales da Sikotland. Ireland ta Arewa tana da tata daban, ta 1997.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aikin dare a wani gidan kula da tsofaffi. Akwai abokan aiki biyu da kullum sai sun kwaikwayi Turancina, in na buɗe abincina su toshe hanci. Ranar nan ɗaya ta ajiye ayaba a kan jakata, suka fashe da dariya. Na gaya wa shugabar aikin dare, ta ce wasa ne, haka suke da kowa. Ni ma wani lokaci nakan yi murmushi don kada a ce ba ni da fara'a. Ina da abin cewa kuwa? (Wata 'yar'uwa daga Lesta)

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kina da magana, kuma mai ƙarfi. Sashe na 26 na dokar ya ce cin zarafi shi ne halin da mutum bai so ba, mai alaƙa da launin fatarsa, ƙasarsa, ƙabilarsa ko asalinsa, wanda ya zubar masa da mutunci ko ya mayar masa da wurin aiki wurin tsoro, gaba ko wulaƙanci. Ko an yi da wannan niyya, ko abin ya haifar da hakan ba tare da niyya ba, duk dokar ta kama. Saboda haka "ba da wata manufa muka yi ba" ba ta wanke kowa. Alƙali zai duba yadda ke kika ji abin, da yanayin da ya faru a ciki, da kuma ko mai hankali zai ga abin ya isa ya yi zafi haka. Ayaba a kan jakar baƙar fata ba ta buƙatar dogon bayani a gaban alƙalin Birtaniya, kuma abu irin wannan ko sau ɗaya aka yi yana iya isa. Kwaikwayon harshe ma ya shigo ciki: a 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta ma'aikata, a shari'ar wata ma'aikaciya 'yar Brazil mai suna Carozzi, ta ce magana a kan karin harshen mutum tana iya zama cin zarafi mai alaƙa da asalinsa.

Mu mun san wasa. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, taubashi da taubashiya, kowa ya san iyaka, kowa yana ramawa, kowa ya yarda da abin tun kaka da kakanni. Mutum biyu su haɗu a kan baƙuwa ɗaya wadda ba ta da bakin ramawa, wannan ba sunansa wasa ba.

Murmushin nan naki lauyan kamfani zai kafa hujja da shi, ya ce ai kina jin daɗi. Alƙalai sun san dariyar yaƙe, sun san mutum yakan yi ta don ya tsira da aikinsa, amma ki rufe wannan ƙofar daga yau. Ki faɗa musu sau ɗaya, a fili, gaban wani, cewa ba kya so su daina. Sannan ki sayi ƙaramin littafi. Duk abin da ya faru ki rubuta shi a ranar, kamar haka: 14 ga Janairu, ƙarfe 2:20 na dare, ɗakin shan shayi na hawa na biyu, wance ta ce kaza, wance tana tsaye bakin firij ta ji, na gaya wa shugaba ƙarfe 3:00, ta ce wasa ne. Kalmomin da aka faɗa ki rubuta su da Turancin da aka faɗe su, ba fassara ba. Ki riƙa aika wa kanki kwafi ta imel ɗinki na kanki, ba na wurin aiki ba, domin kwanan watan ya zauna inda ba mai cewa daga baya kika ƙirƙira.

Bayan haka sai takardar ƙorafi zuwa ga manaja ko ofishin kula da ma'aikata. A nan mutanenmu suka fi yin tuntuɓe, saboda kunya. Sai a rubuta "ba na jin daɗin yadda ake mu'amala da ni", a kasa kiran abin da sunansa. Ki rubuta ƙarara cewa kina ƙorafin cin zarafi saboda launin fata a ƙarƙashin Dokar Daidaito ta 2010, ki jera abubuwan da kwanakinsu. Wannan jimlar ce ke ba ki kariyar doka idan aka yi miki bi-ta-da-ƙulli daga baya. Za su kira ki zama, kuma kina da haƙƙin zuwa da abokiyar aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadago. Ki nemi sakamako a rubuce, in bai gamsar da ke ba ki ɗaukaka. Kamfanin da ya yi watsi da ƙa'idar sauraron ƙorafi ta ACAS, hukumar sasanta ma'aikata da masu ba su aiki, ba tare da uzuri ba, kotu tana iya ƙara masa har kashi 25 cikin ɗari a kan diyya. Ma'aikacin da ya tsallake wannan mataki shi ma ana iya rage masa har kashi 25.

Sashe na 109 ya ɗora wa kamfani alhakin abin da ma'aikatansa suka yi a bakin aiki, ko ya sani ko bai sani ba, sai in ya nuna ya ɗauki duk matakan da suka dace don hana abin. Takardar horo da aka yi shekarun baya aka manta ba ta isa ba. A shari'ar Allay da Gehlen ta 2021 kotu ta ce horon da ya kwana biyu har manajoji suna jin zagi su yi shiru ba kariya ba ne. Shugabar da kika gaya wa ta ce wasa ne ta riga ta raunana musu wannan hujja.

Abu biyu kada ki yi. Kada ki ɗauki hoton fayil ɗin tsofaffin da kike kula da su, ko ki tura shi wayarki don neman hujja, wannan laifi ne da ake kora a kansa nan take. Naɗar murya a ɓoye kuma, ko da yake kotu takan saurara, yawancin kamfanoni sun sa ta cikin laifukan aiki, tana kuma iya rage miki diyya. A zaman ƙorafi ki nemi izinin naɗa, in an hana ki rubuta da hannu.

Tambaya: Malam, wata biyu ke nan da manajanmu ya kira ni da kalmar nan ta cin mutuncin baƙar fata a gaban mutane. Muna aikin zuwa gidajen marasa lafiya ne. Na shigar da ƙorafi a rubuce, har yau sai "muna bincike". Tun daga lokacin aka rage mini awoyi. Kamfanin ne ya tsaya mini a biza, kuma iyalina suna tare da ni. 'Yan'uwa sun ce in yi haƙuri. (Wani ɗan'uwa daga Manchesta)

Amsa: Ɗan'uwa, kafin komai ɗauko kalanda. Wa'adin kai ƙarar wariya kotun ma'aikata wata uku ne, a cire kwana ɗaya, daga ranar da abin ya faru. In an zage ka ranar 10 ga Maris, ranarka ta ƙarshe 9 ga Yuni. Ƙorafin da ka shigar cikin kamfani ba ya tsayar da wannan agogo ko da minti ɗaya, kuma a nan ne shari'o'i masu kyau suke mutuwa: mutum yana jiran "muna bincike" har wa'adi ya wuce, sannan a kawo masa takarda cewa ba a sami hujja ba. Wata guda ya rage maka. Majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da sabuwar dokar haƙƙin ma'aikata a ƙarshen 2025 wadda ta tanadi kai wa'adin wata shida, amma daki-daki ake fara aiki da sassanta, don haka kai dai riƙe wata uku.

Abin da ke tsayar da agogo shi ne sanar da ACAS, hukumar sasanta ma'aikata da masu ba su aiki. Kyauta ne, ana cike fom a intanet ko a buga waya, kuma dole ne kafin kotu ta karɓi ƙara. Jami'insu zai tambaye ka ko kana so a gwada sulhu. Kana iya yarda, kana iya ƙi. Ko ta yaya za su ba ka takardar shaida mai lamba, kuma in ka sanar da su cikin wa'adi kana da aƙalla wata ɗaya daga ranar takardar ka shigar da ƙara ta fom ɗin ET1. Kamfani yana da kwana 28 ya mayar da martani. Ka kula da sunan wanda kake ƙara: sunan kamfanin da ke kan takardar albashinka da kwantiraginka za ka rubuta, ba wanda ke jikin mota ko allon ƙofa ba, domin sau da yawa sun bambanta. In kana so ka haɗa da manajan shi kansa, doka ta yarda, amma shi ma sai ka ba ACAS sunansa daban. Wanda ya makara yana iya roƙon alƙali ya ɗaga masa ƙafa in adalci ya nuna haka, sai dai wannan ganin damar alƙali ne, ba abin dogaro ba. Haka ma hujjar cewa abubuwan a jere suke, a ƙirga daga na ƙarshe. Tana aiki wani lokaci, amma ka ƙirga daga na farko ka huta.

Ba a biyan kuɗin shigar da ƙara tun 2017, lokacin da Kotun Ƙoli ta soke shi a ƙarar da ƙungiyar ƙwadago ta UNISON ta kai. Ba sai ka shekara biyu a aiki ba, kariyar wariya tana farawa tun daga ranar neman aiki. Kuma ba sai ka bar aikin ba kafin ka kai ƙara.

Rage awoyin nan ƙara ce mai zaman kanta. Sashe na 27 ya hana a cutar da mutum don ya yi ƙorafin wariya, kuma ana iya cin nasara a kanta ko da ƙorafin farko ya faɗi, muddin ba ƙarya aka shirya da mugun nufi ba. Tara jadawalin aikinka na mako takwas kafin ƙorafin da na bayansa, da takardun albashi, da jadawalin wani abokin aiki da bai yi ƙorafi ba in yana manne a allo kowa na gani. Irin wannan hujja ta fi saurin shiga kan alƙali, domin lissafi ne. Ka kuma duba albashin da aka rubuta a takardar ɗaukar nauyin bizarka. Kamfanin da ke biyan ƙasa da shi yana wasa da lasisinsa ne a ma'aikatar cikin gida, kuma sun san haka.

Batun biza, ba za mu ɓoye maka ba. Kai ƙara ba laifin shige da fice ba ne, kotun ma'aikata ba ta taɓa bizar kowa. Amma doka ba ta riƙe hannun mai kora, hukunta shi take yi daga baya, kuma shari'a takan kai shekara ko fiye. In aikin ya ƙare, kamfani yana sanar da ma'aikatar cikin gida cikin kwanakin aiki 10, ita kuma ta saba rage bizar zuwa kwana 60, ko abin da ya rage mata in bai kai haka ba. Don haka ka fara neman wani kamfani mai lasisi tun yanzu, a natse, kada ka ajiye aiki cikin fushi, kada kuma ka fara sabon aikin kafin sabuwar bizar ta fito. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wata shari'a da ya kamata ka sani. A 2016 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan wasu mata biyu 'yan Najeriya, Taiwo da Onu, masu aikin gida da aka ƙwace musu fasfo aka azabtar da su. Kotu ta yarda an zalunce su, sun kuma ci nasara a kan haƙƙin albashinsu, amma ta ce cutar da mutum don bizarsa ta sa ba shi da mafita ba wariyar launin fata ba ce a ma'anar dokar. Darasin shi ne yadda za ka tsara ƙararka: ka kafa ta a kan kalmar da aka kira ka da ita da launin fatarka, ba a kan "suna yi mana haka don mu 'yan biza ne" kawai ba.

Masu ce maka ka yi haƙuri ƙaunarka suke yi, kuma haƙuri ba ya hana sanar da ACAS. Kana iya riƙe takardar shaidarka, ka ga yadda binciken ya kaya cikin watan, sannan ka yanke shawara da iyalinka. In kana cikin ƙungiya kamar UNISON ko GMB ko Unite, kira wakilinka yau. In ba ka ciki, yawanci ba sa ɗaukar rigimar da ta riga shigarka, sai ka nufi ofishin ba jama'a shawara na Citizens Advice ko cibiyar lauyoyin unguwa, ka kuma tambaya ko ka cancanci tallafin lauya na gwamnati, domin ƙarar wariya tana cikin waɗanda ake tallafa wa mai ƙaramin ƙarfi.

Tambaya: Akwai wani dattijo mai ciwon mantuwa da yake zagina da launin fatata. Ɗansa kuma, wanda lafiyarsa ƙalau, ya ce ba ya son baƙar fata ta taɓa mahaifinsa. Manaja ta cire ni daga ɗakin, ta ce in fahimta. (Ma'aikaciyar jinya, Gilasgo)

Amsa: Malama, a nan dokar tana da giɓi. A da akwai sashen da ya ɗora wa kamfani alhakin cin zarafin da baƙi, majinyata ko abokan ciniki suka yi wa ma'aikaci, aka soke shi a 2013. Dokar 2025 ta dawo da wannan alhaki, sai ki tambayi ACAS ko sashen ya fara aiki a ranar da naki ya faru.

Amma cirewar da aka yi miki ba aikin baƙo ba ne, aikin manaja ne. In dalilin cire ki shi ne ɗan ya ƙi baƙar fata, to kamfani ya yi miki abin da ba zai yi wa farar fata ba saboda launinki, kuma wannan wariya ce kai tsaye a sashe na 13. Son ran abokin ciniki ba uzuri ba ne. Da ke kika nemi a sauya miki ɗaki don ki huta da zagi, da magana ta bambanta. Ki aika mata imel gajere: a kan wane dalili aka cire ni daga ɗaki kaza ranar kaza? Amsarta, ko shirunta, ki ajiye.

Dattijon ba a kama shi da laifi, ciwo ne ke magana. Wannan bai sauke wa kamfani nauyin kare lafiyarki da dokar lafiya da tsaron ma'aikata ta 1974 ta ɗora masa ba. Ki cike fom ɗin rahoton abin da ya faru duk lokacin da aka zage ki, ko sau uku ne a mako, ki nemi a sa abin cikin tsarin kula da shi, a riƙa shiga wurinsa mutum biyu. Ɗan kuwa ana iya rubuta masa gargaɗi a gindaya masa sharuɗɗan ziyara, kuma in ya kai ga zagi ko barazana saboda launin fata, wannan laifi ne da 'yan sanda ke karɓa ta lamba 101. Ki kuma lura da abin da manaja take yi in farar fata ce aka zaga. In a can ana ɗaukar mataki, a wurinki kuma sai "ki fahimta", rubuta ranakun biyun gefe da gefe.

Tambaya: Shekara huɗu ina wannan ofis, sau uku ina neman ƙarin girma ana ba waɗanda ni na koya wa aiki, dukkansu farare. Ba wanda ya taɓa zagina. Ta yaya zan tabbatar wariya ce, kuma in na yi nasara me zan samu? (Wani ɗan'uwa daga Landan)

Amsa: Irin taka ta fi wuya, Malam, kuma gara ka ji tun yanzu. Sashe na 136 ya raba nauyin hujja gida biyu. Kai za ka fara kawo abubuwan da, in ba a yi bayaninsu ba, alƙali zai iya cewa wariya ce. In ka haye wannan, nauyi ya koma kan kamfani ya tabbatar launin fata bai shiga cikin shawarar ba ko kaɗan. Sai dai tun shari'ar Madarassy ta 2007 kotuna suka tsaya a kan cewa "ni baƙi ne, shi fari ne, an ba shi an hana ni" bai isa ba shi kaɗai, sai da wani abu a kai. Wani haifaffen Najeriya mai suna Efobi, mai raba wasiƙu a Royal Mail kuma mai ilimin kwamfuta, ya nemi guraben aiki sama da 30 a cikin kamfanin bai samu ko ɗaya ba. Ya kai har Kotun Ƙoli, a 2021 ya faɗi a kan wannan ɓangare, domin bai iya nuna cewa masu tantancewa sun san asalinsa ba, ko ya kawo bayani a kan waɗanda aka ɗauka.

Wannan "wani abu a kai" yakan ɓuya ne a cikin takardu. Dalilin da ya sauya baki: a karon farko an ce ba ka da ƙwarewa, da ka kawo shaidar ƙwarewa aka ce halin shugabanci ne babu. Gurbin da ba a tallata ba alhali ƙa'idar kamfani ta ce a tallata. Takardar makin intabiyu da ta ɓace, ko aka cike ta bayan an gama zaɓe. Maganganu irin su "ba za ka dace da mu ba" ko "abokan ciniki ba za su gane maganarka ba". Ofis mai baƙaƙe da yawa a ƙasa, babu ko ɗaya a sama. Ba sai ka nuna ƙiyayya ba, tun 1999 babbar kotun ƙasar ta ce wariyar da mutum ya yi bai ma san yana yi ba ita ma wariya ce.

Hanyar samo takardun: ka nemi dalilin hana ka a rubuce tare da makinka. Dokar kare bayanai ta ba ka damar neman duk bayanan da kamfani ke riƙe da su a kanka, har da imel ɗin da manajoji suka yi maganarka a ciki, kyauta, kuma su amsa cikin wata ɗaya, ko da yake suna iya ƙara wata biyu in abin yana da yawa. Kada ka jira amsar ta cinye maka wa'adi, wanda ake ƙirgawa daga ranar da aka yanke shawarar hana ka na ƙarshe. Cikin mutum ukun, zaɓi wanda ya fi kama da kai a matsayi da shekarun aiki, da shi za a auna ka. In kuma sharaɗi aka kafa kamar "sai mai digirin Birtaniya", wannan wata ƙofa ce, wariya a kaikaice, inda kamfani zai nuna sharaɗin yana da dalili na gaske kuma bai wuce kima ba.

Diyyar wariya ba ta da iyaka a doka. Akwai asarar kuɗi, wato bambancin albashin da ka rasa, akwai kuma kuɗin ɓacin rai mai hawa uku da ake sabuntawa kowace Afrilu. Ga ƙararrakin da aka shigar daga 6 ga Afrilu 2025 zuwa 5 ga Afrilu 2026: fam 1,200 zuwa 12,100 ga abu ƙarami ko na sau ɗaya, 12,100 zuwa 36,400 ga matsakaici, 36,400 zuwa 60,700 ga mafi muni, kamar tsangwamar da aka daɗe ana yi. Takardar likita da ta nuna rashin barci ko damuwa tana da tasiri a nan. A ƙa'ida kowa shi ke biyan lauyansa, ko ya ci ko ya faɗi, sai in kotu ta ga an yi shari'ar da gangan ba tushe. Da yawa a sulhu suke ƙarewa. In an kawo maka takardar sulhu, karanta ta da lauya kafin ka sa hannu, domin da zarar ka sa ka rufe ƙofar kotu, kuma ka sa a rubuta a ciki irin takardar shaidar aiki da za su ba ka.

Tambaya: Mu uku ne Hausawa a sito. Shugabanmu, shi ma ɗan Najeriya ne amma ba Bahaushe ba, ya hana mu Hausa har a lokacin hutu, alhali 'yan Poland suna yarensu. (Daga Manchesta)

Amsa: Kamfani yana iya cewa a yi Turanci a bakin aiki in akwai dalili, misali wurin da motar ɗaga kaya ke yawo ana buƙatar kowa ya ji gargaɗi, muddin dokar ta hau kan kowa. A lokacin hutu da wuya a samo dalili. A hana Hausa a bar yaren Poland kuwa, wannan wariya ce kai tsaye. A 2012 wata 'yar Poland mai suna Dziedziak ta ci irin wannan shari'a, da aka ce ta daina yarenta alhali ba a hana wasu nasu ba. Kasancewar shugaban baƙar fata ne ko ɗan ƙasarku bai canza komai ba, sashe na 24 ya faɗi haka, kuma ƙabila tana cikin abin da dokar ta kare. Ku tambaya a nuna muku dokar a rubuce. Sau da yawa babu ita, kuma tambayar kaɗai takan kashe maganar.

Tambaya: Ranka ya daɗe, mu a nan gida fa? Muna aiki a wata masana'anta. Mai kula da mu baƙo ne daga ƙasar waje, yana kiranmu birai, ya taɓa marin wani yaro, kuma an hana mu shiga banɗakin da su suke shiga. Ba mu da takardar ɗaukar aiki. (Ma'aikata daga Kano)

Amsa: 'Yan'uwa, Najeriya ba ta da doka guda da ta tattara batun kamar ta Birtaniya, amma ba a bar ku hannu rabbana ba. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya kare mutuncin ɗan Adam ya hana wulaƙanci. Sashe na 42 ya hana wariya saboda ƙabila, asali, jinsi ko addini, sai dai lafazinsa ya fi fuskantar gwamnati, shi ya sa lauyoyi ke haɗa shi da Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam, wadda ta zama doka a Najeriya kuma ta ambaci launin fata ƙarara. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya kawo sashe na 254C, wanda ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron rigimar wariya a wurin aiki, ya kuma ba ta damar aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Najeriya ta amince da su. Cikinsu akwai ta 111 a kan wariya, da ta 190 a kan cin zarafi da tashin hankali a wurin aiki, wadda ƙasar ta amince da ita a 2022. Kotun tana da reshe a Kano.

Marin laifi ne a kundin Penal Code, ko wane ne ya yi shi kuma ko daga ina ya zo. Wanda aka mara ya je asibitin gwamnati a ranar a rubuta abin da aka gani, ya kai rahoto ofishin 'yan sanda, in aka yi masa jan ƙafa yana iya shigar da ƙara kai tsaye a kotun majistare.

Inda irin shari'arku ke faɗuwa shi ne kamfani ya ce bai san ku ba, ko ya ce ɗan kwangila ne ya kawo ku. Dokar ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, rashin bayarwa laifin kamfani ne, amma ku ne za ku nuna kuna aiki a wurin. Ku adana katin shaida, alat ɗin banki na albashi, hoton rajistar sa hannu, yunifom, da saƙonnin WhatsApp na jadawalin aiki. Hoto ko bidiyon waya kotu tana karɓa, amma sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana neman takardar da ta bayyana na'urar da aka ɗauka da ita, don haka kada a sayar da wayar ko a goge na asali. A Kotun Ma'aikata ana shigar da takardu da rantsuwar shaidu tun ranar farko tare da ƙarar, wanda bai shirya ba sai ya yi ta neman izinin ƙarawa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma korar mutum ɗaya ta fi korar ashirin sauƙi. Ku rubuta ƙorafi ɗaya ku sa hannu da yawa, da ranaku da kalmomin da aka faɗa, ku kai wa shugabannin kamfanin, da ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na jiha, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Dokar ƙwadago ta hana korar ma'aikaci don ya shiga ƙungiya, sai ku tuntuɓi reshen NLC na jiha ya haɗa ku da ƙungiyar da ta dace da masana'antarku. Duk ofishin da za ku kai takarda ku je da kwafi biyu, a buga hatimi da kwanan wata a kan ɗaya ku dawo da shi, ku ajiye shi a gida, ba a cikin akwatin kayanku na masana'anta ba.